Darak: Tsibirin Da Ruwa Ya Bayar, Masu Mulki Suka Yi Ta Ja

Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun san Kogin Kano tun yana ƙarami, inda yake gangarowa daga duwatsu ya ratsa dajin Falgore. Mutanen Bebeji kuwa sun san inda aka tare shi a Tiga. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya, ruwan da ya wuce dam ɗin nan, ina ya nufa? To, ga hanyarsa. Yakan haɗu da Kogin Calawa kafin Wudil, ya bi ta Ringim da Haɗeja, ya tarar da Kogin Jama'are wajen Gashuwa. Daga nan sunansa Yobe. Sa'an nan ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, abin da rana da rairayi da masu ban ruwa suka rage ya faɗa cikin Tafkin Cadi kusa da Bosso da Malam Fatori.

A cikin tafkin nan, can wajen kudu inda Nijeriya da Kamaru da Cadi suke maƙwabtaka, akwai wani tsibiri da ake kira Darak. Garin ba tsoho ba ne, akwai dattawa a cikinmu da suka girme shi. Masunta ne suka kafa shi, da yawansu kuwa Hausawa ne waɗanda suka bar gida neman abinci. Amma cikin ɗan wannan lokaci mutanen wurin sun biya haraji ga Nijeriya, sun biya ga Kamaru, masu fita su kuma sun biya ga 'yan tawaye. An kafa musu tuta, an sauke, an kafa wata. Muna so mu ba da labarin wurin nan domin a cikinsa ana ganin hanya uku da ƙasa takan bi ta fita daga wannan hannu zuwa wancan, wato ruwa, da bindiga, da takarda. Masu karatu za su auna da kansu wadda ta fi sauƙi ga talaka.

Sa'ad Da Ruwa Ya Ja Da Baya

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, wato ya fi Jihar Kano ta yau girma. Amma faɗi gare shi, ba zurfi ba. Kamar ruwa yake a faranti. A wurare da yawa mai kwalekwale yakan taɓa ƙasa da sandar tuƙi. Saboda haka in ruwan ya ragu kamu biyu ko uku, sai ƙasa mai yawan gaske ta fito fili.

Wajen kashi tara cikin goma na ruwan tafkin daga kudu yake zuwa, ta Kogin Shari da Kogin Logon, waɗanda suka haɗu a Injamena. Namu na Yobe ɗan kaɗan ne, ya kuma ƙara raguwa bayan da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, da na Calawa a Ƙaraye, maƙwabciyar Kiru, a 1992. Tun da yake ruwan Shari daga nesa yake tahowa, tafkin ba ya cika da damina. Sai kaka ta wuce, an shiga sanyi, sa'an nan yake batsewa.

Farin da ya same mu a 1972 da 1973 ya sami tafkin ma. A 1973 ya rabu biyu, da na arewa da na kudu, tudu da ciyayi suka shiga tsakani. Farin 1984 ya fi na farko muni. Kafin tsakiyar shekarun 1980, ruwan da ake gani a fili bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Garin Baga da yake a bakin ruwa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa. Babban aikin ban ruwa da gwamnati ta kashe wa kuɗi a Marte ya tsaya, gama magudanarsa ba ta kai ga ruwa kuma.

Amma abin da ya zama hasara ga waɗansu, ga waɗansu buɗi ne. Inda ruwa ya janye sai ya bar baƙar ƙasa mai danshi, wadda ake shuka masara da wake a cikinta da rani, ba ruwan sama, ba taki. Kifi ya taru a ragowar ruwan da cikin ciyayi. Tuddai suka fito, suka zama tsibirai, waɗanda mutanen wurin suke kira tumbu. Tun dā akwai masu tsibiran tafkin, su ne Buduma, masu shanun nan na Kuri da ke da manyan ƙahoni, suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. A gaɓar kudu kuma akwai Kotoko da Larabawan Shuwa, a yamma Barebari. Yanzu sai ga baƙi daga ko'ina: masunta daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja, Jukunawa daga Binuwai, mutanen Mali da gurarsu, mutanen kudancin Cadi, da manoman da fari ya kora daga gonakinsu. Kowa yana bin ruwa. Ruwa ya matsa gabas, su ma su matsa. Ba wanda ya ga shinge, ba wanda ya ga dutsen iyaka.

Sunayen Garuruwan Sun Ba Da Labarinsu

Garuruwa 33 ne aka yi gardama a kansu daga baya, Darak ce babbarsu. Wanda ya ji sunayensu ya san waɗanda suka kafa su. Akwai Doron Liman da Doron Malam. Akwai Garin Wanzam. Akwai Ramin Dorina, da Sabon Tumbu, da Fagge, sunan unguwar nan ta Kano. Akwai Sokotoram, wato Sakkwato aka liƙa wa wutsiyar harshen Barebari. Akwai Darak Gana, Darak ƙarama ke nan da Barbarci. Akwai kuma wani gari da ake ce masa Naira. Tun da yake ba a fara kashe naira ba sai ran 1 ga Janairu 1973, ba sai an tambayi kowa shekarun wannan suna ba.

Waɗansu garuruwan a kan busasshen gindin tafki suke. Waɗansu tsibirai ne duk shekara. Waɗansu kuwa sai ruwa ya cika suke zama tsibiri, in ya janye a shiga da ƙafa. Da bukkar ciyawa ake fara zama, in wuri ya karɓi mutum ya yi ɗakin ƙasa, ya aika a kawo masa iyali.

Kifi ne ya riƙe Darak. Ana kama tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da giwan ruwa, da taru, da mamari mai ƙugiya ɗari-ɗari, da gura da ake jerawa a tare hanyar kifi. A yanyanka, a yi banda, a cusa a kwali, a ɗora a jirgi mai inji zuwa gaɓa. Daga nan motoci su bi ta Gamboru zuwa Maiduguri, daga Maiduguri kuma har Anaca da Ikko. Bayan masunta sai ga dillalai, da masu gyaran inji, da masu sayar da itace da gishiri da mai, da mata masu tuwo. Da naira ake ciniki, da Hausa ake yin tayi. Hanya da kasuwa da dangi duk suna yamma, wajen Barno. Don haka mutanen suka ɗauka a Nijeriya suke.

Layin Da Ba A Gani

Ashe akwai layi, sai dai a kan takarda yake. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kamaru a hannun Jamus take, har da Dikwa da Ngala. Ingila da Faransa suka ci ta da yaƙi tsakanin 1914 da 1916, sojojin da suka yi yaƙin kuwa da Hausawa da yawa a cikinsu. Da aka gama, sai masu nasara suka raba ƙasar. Suka sa hannu a takardar rabo a watan Yuli 1919, suka ƙara tabbatar da ita a watan Janairu 1931. A cikin tafki ba dutse, ba itace da za a yi shaida da shi. Sai suka ɗauki wuri ɗaya a tsakiyar ruwa inda ƙasashe uku za su haɗu, suka ja miƙaƙƙen layi daga nan zuwa bakin Kogin Ebeji, wanda ya raba Gamboru da Fotokol. Yamma da layin na Ingila, gabas na Faransa. Yankin da Ingila ta riƙe a arewa ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar Fabrairu 1961. Na Faransa shi ne ya zama Kamaru a 1960.

Muddin ruwa ne a wurin, ba wanda ya damu da layin, gama kifi ba ya biyan haraji. Ƙasashe huɗu na bakin tafkin, wato Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, har sun kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964 domin su ci moriyarsa tare. Amma da ruwa ya zama ƙasa, ƙasa ta zama gari, gari ya zama kasuwa, sai kowa ya tuna da iyaka. Darak da 'yan'uwanta kuwa suna gabas da layin.

Sojoji Sun Shigo

Da Cadi aka fara. A watan Afrilu 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sojojin Cadi suka hau waɗansu tsibirai na Barno. Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda yake shugabancin rundunar da ke Jos a lokacin, ya kore su har cikin ƙasarsu. An yi hasarar rayuka ta kowane gefe. Wannan ya sa shugabannin ƙasashen huɗu suka yarda a auna iyakar cikin tafkin a kafa alamu. Ma'auna suka yi aikin daga 1988 zuwa 1990, amma Nijeriya ba ta tabbatar da sakamakon ba.

Kafin ma'aunan su fara ma, al'amarin Darak ya riga ya canza. Kamaru ta ce a shekarar 1987 sojojin Nijeriya suka shiga garuruwan nan suka zauna, suka kafa tutarsu, ma'aikatan Kamaru ba su ƙara samun shiga ba. Ita ta kira wannan mamaya. Nijeriya kuwa ta ce mutanenta ne suka sari wuraren, Shehun Barno suke bi, ita ce kuma take lura da su tun farko, Kamaru ba ta ce uffan ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, shekara 16, daga 1987 zuwa 2003, Darak tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Ngala ta Jihar Barno. Can ake kai haraji. Daga can ake turo 'yan sanda da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Yaran da aka haifa a shekarun nan ba su san wata ƙasa ba sai Nijeriya.

Ga yawancin mazauna wurin, wannan zama bai yi kama da mamaya ba, gama masu mulkin da waɗanda ake mulka harshensu ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Mutum ya gina ɗaki, ya sari gona, ya binne iyayensa a wurin, alhali takardar ƙasar tana cewa ta wani ce.

Shari'ar Shekara Takwas

Ran 29 ga Maris 1994 Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya Kotun Duniya da ke birnin Heg a ƙasar Holan. A kan Bakasi ta fara, can kudu a bakin teku, inda sojojin ƙasashen biyu suka yi ta harbin juna. A watan Yuni na shekarar ta ƙara da maganar Tafkin Cadi, daga baya shari'ar ta haɗa iyakar duka, daga tafki har teku.

Lauyoyin Nijeriya suka kawo shaidar haraji, da ta makarantu, da ta asibitoci, da tarihin waɗanda suka kafa kowane gari. Hujjarsu ita ce, wanda ya daɗe yana zaune a wuri, yana mulkinsa a fili, mai wurin bai hana ba, wurin ya zama nasa. Lauyoyin Kamaru kuwa suka ajiye takardun 1919 da 1931.

Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke hukunci. A kan yankin tafki alƙalai 14 suka goyi bayan Kamaru, biyu suka ƙi, wato Alƙali Koroma na Saliyo da Bola Ajibola wanda Nijeriya ta naɗa. Ka'idar da suka bi ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa zuwa shari'ar gona. In ba a san mai ƙasa ba, ana duba wanda yake zaune a kanta yana aikinta. Amma in akwai takarda tabbatacciya, daɗewar zama ba ta kashe takarda. Kotu ta ce Nijeriya ta janye sojojinta da 'yan sandanta da ma'aikatanta. Ta kuma rubuta alkawarin da Kamaru ta yi a gabanta, cewa za ta ci gaba da kiyaye 'yan Nijeriya mazauna wurin.

Hukuncin ya yi wa mutane da yawa zafi a Nijeriya, har waɗansu suna cewa kada a bi shi. Amma Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sadu da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a birnin Jeniba a watan Nuwamba 2002, suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai aikata hukuncin. Da yankin tafki aka fara. A watan Disamba 2003 aka sauke tutar Nijeriya a garuruwa sama da 30, aka miƙa su ga Kamaru cikin lumana. Bakasi kuwa ba a gama miƙa ta ba sai watan Agusta 2008.

Kada mu ce abin ya zo wa mutanen da sauƙi. Wanda ya kwana ɗan ƙasa ya tashi baƙo. Waɗansu suka kwashe iyali suka koma ɓangaren Nijeriya, suka bar ɗaki da gona. Waɗanda suka zauna sai suka koyi zama da jandarma maimakon ɗan sanda, da neman takardar izinin zama, da makarantar da ake koyarwa da Faransanci. Kamaru ta mai da Darak mazaunin ƙaramar hukuma a cikin yankin Logon da Shari, wanda babban garinsa Kuseri ne. Duk da haka kasuwa ta ci gaba da ci, sefa da naira suna yawo tare, kwalayen banda suna tafiya Maiduguri kamar dā. An yi hasarar suna da takarda, amma ba a ƙone gari ba, ba a bar marayu ba.

Gaba Kura, Baya Sayaki

Zaman lafiyar bai fi shekara goma ba. Tashin hankalin Boko Haram da ya fara a Maiduguri a watan Yuli 2009 ya yi ta yaɗuwa har ya kai bakin tafki. A watan Mayu 2014 aka kashe mutane ɗaruruwa a Gamboru, a watan Agusta kuma 'yan tawayen suka kama garin, suka riƙe shi har sojojin Cadi suka fitar da su a Fabrairu 2015. Hanyar kifin Darak ke nan ta yanke. Ran 3 ga Janairu 2015 suka ci barikin sojojin haɗin gwiwa a Baga, suka ƙone gidaje dubbai a Baga da Doron Baga. Mutane suka faɗa cikin jirage suka gudu tsibirai, waɗansu ruwa ya ci su.

Da sojojin ƙasashen huɗu suka kore su daga manyan garuruwa a 2015, sai 'yan tawayen suka shige cikin tafki. Ciyayin da suke ɓoye kifi su ne suka ɓoye su. Motar soja ba ta shiga, babban jirgi ba ya ratsawa. A watan Afrilu 2015 suka faɗa wa tsibirin Karamga na Nijar, suka kashe sojoji 46 da farar hula 28. Gwamnatin Nijar ta ba da umarni kowa ya fita daga tsibiranta cikin 'yan kwanaki. Mutane wajen 25,000 suka fito, da yawa da ƙafa cikin zafin bazara, waɗansu suka mutu a hanya. 'Yan Nijeriya dubbai daga cikinsu aka sauke su a Gaidam, aka mai da su jihohinsu hannu wofi.

A watan Agusta 2016 ƙungiyar ta rabu biyu. Ɓangaren da ake kira ISWAP ya yi ƙarfi a tsibirai, ya kafa irin nasa mulki. Mai son ya yi su ko noma sai ya biya su haraji, su ba shi takardar shaida. Sukan yi shari'a, su yanke hukunci, su kashe wanda suka zarga da kai rahoto ga soja. Sunan Kirta Wulgo, wanda yake cikin garuruwa 33 da lauyoyi suka yi gardama a kansu a Heg, sai ya koma fitowa a labarai a matsayin sansanin 'yan tawaye. Gwamnatoci kuma, don su toshe musu hanyar kuɗi, suka hana cinikin kifi na wani lokaci a Barno da Difa. Masunci ya rasa inda zai sa kansa. In ya ƙi biyan harajin daji, ransa ne. In ya biya, soja ya ce shi mai taimakon abokan gaba ne. In ya zauna gida, yunwa.

Garin Darak kansa ya zauna a hannun Kamaru, da sojoji a ciki, amma ruwan da yake ci daga gare shi ya fita daga hannun kowace gwamnati. A watan Nuwamba 2016 aka kai wa sojojin hari aka kashe shida. Mafi muni shi ne na daren 9 ga Yuni 2019, wayewar 10 ga wata. Mayaƙa ɗaruruwa suka zo cikin jirage da duhu, aka yi ta faɗa har gari ya waye. Sojojin Kamaru 17 suka mutu, da farar hula aƙalla takwas. Ƙasar Kamaru duka ta yi zaman makoki ran 21 ga Yuni. A watan Disamba na wannan shekara kuma aka kashe masunta wajen 50 a ruwan da ke kusa, 'yan Kamaru da Cadi da Nijeriya. Kwanaki suka wuce kafin labarin ya fito, gama wurin ba waya, ba hanya. Bayan mutuwar Abubakar Shekau a watan Mayu 2021, ɓangarorin biyu suka shiga yaƙar juna a kan tsibiran, kowanne yana neman harajin masunta ɗaya. Bindigar nan ba ta tambayi sunan kowa ba. Ta kashe Musulmi, ta kashe Kirista, ta kashe Bahaushe da Babarbare da Buduma.

Tafkin kuwa bai mutu ba, ko da yake an daɗe ana faɗar haka. Tun bayan shekarun 1990 ruwan ya ɗan komo, na kudu bai ƙafe ba. A 2022 da 2024 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a yankin Logon da Shari. Wato ƙasar da ruwa ya bayar, ruwa yana iya karɓe abinsa.

Abin Da Ya Shafe Mu

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna ganin abu huɗu a labarin nan da suka shafi gidajenmu.

Na fari, maganar cin rani. Kifi da ƙasa mai albarka suna nan a tafkin, labarin kuɗinsu kuma yana jan samari daga nesa. A watan Janairu 2025 gwamnatin Barno ta ba da sanarwar kashe manoma da masunta 40 a Dumba, kusa da Baga, waɗanda suka wuce iyakar da sojoji suke tsaro. Iyaye, in ɗanku ya ce zai tafi gabas neman kuɗi, ku zauna da shi. Ku tambaye shi sunan garin, da sunan wanda zai sauka a wurinsa, da wanda yake mulkin wurin da dare, ba da rana kaɗai ba. Matan aure, kuna da iko ku yi wa mazanku wannan tambaya. In amsar ita ce sai an biya mutanen daji kafin a jefa taru, to, ribar ba ta kai ba. Kuɗin da za a samu a tafkin Tiga ko a fadamar rani ko da bai kai wancan ba, mai shi yakan komo gida da ƙafarsa.

Na biyu, maganar takarda. Mutanen Darak sun yi shekara talatin suna zaune, suna da shaidu, suna da rasit na haraji, amma takardar da ta girme su ta rinjaye su. Mu ma a ƙasarmu gonaki nawa ne ake nomawa bisa aro, ko jingina, ko kyautar baki da kakanni suka yi? Muddin masu alkawarin suna da rai, lafiya lau. Ran da suka kau, ƙasa kuma ta yi tsada, sai jikoki su tashi. Waɗanda aka tashe su daga garuruwansu sa'ad da ruwan Tiga ya hau sun san yadda ƙasa take kuɓuce wa mutum. Kada mu ji kunyar zuwa wurin mai unguwa da dagaci a rubuta iyakar gona, da fili, da sharaɗin aro, shaidu su sa hannu tun ana dariya. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumuncin 'ya'ya ne.

Na uku, maganar yadda ake raba gardama. Nijeriya ta fi Kamaru yawan mutane da sojoji nesa ba kusa ba. Da ta ga dama da ta ƙi fita. Shari'ar ta ci shekara takwas, hukuncin kuma bai yi mata daɗi ba, amma ta bi shi. Mu gwada Disamba 2003 da Yuni 2019. A na farko an sauke tuta, kowa ya koma ga tarunsa. A na biyu an kwana ana haƙa kabari. Sa'ad da rikicin iyakar gona, ko na burtali da mashaya, ya taso tsakaninmu da maƙwabta, hanyar dattawa da ta alƙali tana da tsawo, tana da cin rai, wani lokaci ma a kāsa mu. Amma wanda aka kayar a shari'a yana da gobe.

Na huɗu, maganar baƙi. Darak ta yi arziki ne domin ta karɓi kowa, Bakabe da Bajukune da mutumin Mali suna kasuwa ɗaya. Tun da yaƙin nan ya fara, mutane fiye da miliyan biyu ya raba da gidajensu a ƙasashen bakin tafkin, waɗansunsu kuwa sun iso garuruwanmu. In muka ga mai gyaran taru ko mai sayar da banda wanda harshensa ya nuna daga gabas ya fito, mu tuna mai yiwuwa dā yana da jirginsa da ma'aikatansa. Mu ba shi wurin zama, mu sa 'ya'yansa a makaranta tare da namu. Sa'ad da iyali suka taru yin addu'a da dare kuma, kada a manta da waɗanda har yanzu suke kwana a tsibiran nan suna sauraron ƙarar inji daga cikin duhu. Allah ya ba su kwanciyar rai, ya kuma ba masu mulkin ƙasashen nan huɗu hikimar da za su mai da tafkin wurin neman abinci kamar dā.